Layin da Mijin Yayata Ya Ja wa Rina

Mijin yayata fentin titi yake yi. Farin layin nan da ke raba masu tafiya da masu dawowa, da zanen da masu ƙafa ke tsallakawa a kansa, su ne sana'arsa, shi ya sa duk unguwa ake ce masa Mai Layi. Shi kuwa a ganinsa ba fenti yake yi ba, mulki yake yi. Ya sha gaya mana cewa babu mai ikon da ya kama ƙafarsa, tunda shi kaɗai ne zai zuba fenti a ƙasa da safe, kafin rana ta take ka ga tirela da girmanta tana kauce masa.

"Duk abin da kuka ga ya lalace a duniyar nan," in ji shi, "ba a ja masa layi ba ne."

Ni ɗinki nake yi a ɗan shagon da ke ƙofar gidan hayar da suke zaune, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

A tsakar gidan akwai bishiyar gwaiba, rassanta sun leƙa titi ta saman katanga. Yaya ce ta shuka ta. Daga gwaibar gidanmu ta samo irin, shekarar da Inna ta rasu. Gidan namu an sayar, wanda ya saya ya sare waccan bishiyar ya yi garejin mota a wurin. Saboda haka wannan ita kaɗai ta rage mana, kuma Yaya tana ji da ita fiye da yadda take nunawa. Matsalar ita ce da zarar 'ya'yan sun fara nuna, 'yan makaranta sai su taru a titi lokacin tashi, su yi ta ruwan duwatsu.

Ranar da dutse ya fasa gilashin tagar ɗakin sama, Baba Mai Gida ya zo da kansa. Tsoho ne mai sanda, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Ya sa aka saka sabon gilashi, ya tsaya ya ƙare wa bishiyar kallo.

"'Yata," ya ce wa Yaya, "ni ba ni da faɗa da itace. Amma in gilashin nan ya sake fashewa, ko na dawo ƙarshen wata na tarar taron yaran nan bai watse ba, da mai gatari zan zo."

Yaya ta ce, "To, Baba." Da ya fita sai ta shigo shagona ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta zuba tagumi. Tausayinta ya kama ni, ni ma kuma hankalina ya tashi.

Washegari da safe Mai Layi yana shanya rigar aikinsa a igiya, sai wani ƙwaro ya sauka a kanta. Baƙi ne, da zobba masu launin rawaya a jikinsa, fukafukansa garai-garai kamar leda. Tsalle ɗaya mijin yayata ya yi, sai ga shi a bayan tankin ruwa. Daga baya ya bayyana mana cewa wuri ya ba ƙwaron don ya nazarce shi daga nesa.

Malama ce ta fito, wadda ke haya a ɗakin kusa da ƙofa, tana koyar da kimiyya a sakandare. Ta miƙa yatsa, ƙwaron ya hau.

"Malama, rina ce fa!" in ji murya daga bayan tanki.

"Ba rina ba ce, kayan rina ta ara ta sa. Dangin malam-buɗe-littafi ce, cikin masu zanen damisa. Ko ƙari ba ta da shi, balle ta yi harbi. Tsuntsu ya gan ta ya ɗauka rina ce, ya ƙyale ta. Iyakar dabarar ke nan."

Ya fito a hankali yana gyara wuyan riga. Malama ta nuna masa yadda ake gane ta. Rina ta gaske ƙugunta siriri ne kamar an ɗaure da zare, wannan kuwa daga ƙirji har ƙasa a cike take. In ka taɓa jikinta za ta bar maka 'yar hoda a yatsa. Ba ta kuma gina gida. Sai ta buɗe wayarta ta nuna masa taswira, an zagaye ƙasashen da ake samunta da layi.

Nan idonsa ya tsaya.

"Wannan layin fa, Malama?"

"Iyakar inda take rayuwa ke nan."

"Ba ta tsallakawa?"

"Ba a cika samunta a wajensa ba. Amma ba layin ne ya tsare ta ba, ɗumin wuri ne da ciyawar da tsutsarta ke ci. Irin ciyawar nan ta kangon bayan gida, shi ya sa kake ganin…"

Bai ji ƙarshen ba. Ya riga ya juyo gare ni fuskarsa tana sheƙi. "Ƙanwata, kin ji da kunnenki ko? Har ƙwari sun san aikinmu."

Da rana ya tara mu a ɗaki, ni da Yaya, ya tura ƙofa ya sa sakata. Ya ce ya gama da maganar gwaiba. Zai sa wa bishiyar masu gadi, masu kaki amma marasa bindiga. Zai kwaso rinar bogi, sunan da ya raɗa mata ke nan, ya zaunar da ita a rassan. Yaro ya ɗaga kai ya ga rina cike da bishiya, dutsen da kansa zai faɗo daga hannunsa. Mu kuwa da muka san sirrin mu tsinki gwaibarmu hankali kwance.

Gaskiya ni kaina na ga kamar akwai ma'ana a ciki, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

"Amma fa," ya ɗaga yatsa, "duk shirin a kan sirri ya tsaya. Yaro ɗaya ya ji ba ta harbi, an gama. Ku mata na san ku da baki. Maman yara, ki kama bakinki. Ƙanwata, ke ma, shagonki gidan rediyo ne."

Muka yi masa alkawari.

Kafin yamma sai ga Mai Aski, wanda bencinsa ke jikin katangarmu a inuwar gwaibar, ya leƙo shagona da almakashi a hannu.

"Mai ɗinki, wai da gaske ne rinar da za a zuba a gidanku ba ta harbi?"

"Wa ya gaya maka?"

"Mijin yayarki mana. Ya ce kada in gaya wa kowa, ban da waɗanda ke jiran aski, tunda su sun riga sun ji."

Da na tare mijin yayata da maganar, cewa ya yi ai Mai Aski ba kowa ba ne, abokin shawara ne.

Aikin kamu ya fara da gidan sauron gadonsu, wanda ya kwance ya ɗaura a kan sanda. Ya wuni a kangon bayan gida yana tsalle cikin ciyawa, ya dawo da 'yan kaɗan a kwalba da gidan sauro mai ƙofofi da yawa. Ya tsaya a gindin bishiyar, ya buɗe kwalbar, ya fara yi musu jawabin kama aiki. Bai kai tsakiyar jawabin ba suka haura katanga ɗaya bayan ɗaya suka koma kango.

Mai Aski ya ɗago daga kan da yake aske wa. "Ranka ya daɗe, masu gadin sun ajiye aiki?"

"Kayansu suka je kwasowa," in ji Mai Layi.

Da kayan suka ƙi ƙarewa sai ya sake kamo wasu, ya shigo shagona ya ɗauki baƙin zare, ya ce zai ɗaure su a reshe har su saba da wuri. Duk wadda ya ɗaura wa zaren sai ya zame, tunda babu inda zai kama. Maimakon ya karaya, daɗi ya ji.

"Kin gani? Shaida ke nan. Babu ƙugu. Ni da ido rufe zan gane ta yanzu."

Daga nan ya yanke cewa manya sun riga sun kangare, da yara za a fara. Ya shiga kango da bokitin fenti, ya dawo da shi cike da tsutsa mai gashi, ya zazzage a gindin gwaiba. Malama ta dawo daga makaranta ta duba, ta ja da baya.

"Mai Layi, wannan gizaka ce, ba tsutsar da nake nufi ba."

"Malama, a littafi kika san su. Ni a fili na same su."

Tsutsar ba ta hau bishiya ba. Ta bi igiyar shanya, ta shiga takalma, ta shiga tawul ɗin Mai Aski. Gidan gaba ɗaya ya kama susa. Wani mutum da ya zo a rage masa gemu ya tafi da rabin gemu yana dirzar wuya da hannu biyu. Shi kuwa mai shirin yana tsaye yana goga bayansa a jikin ƙofa kamar akuya, yana ce mana ba ƙaiƙayi ba ne, jini ne ke gudu. Yaya ta share tsutsar da tsintsiya ta kai bola.

Na ɗauka zai haƙura. Sai na gan shi da robar sukarin Yaya yana juyewa a ruwa.

"Na gano kuskuren," ya ce. "Ma'aikaci ba ya zama inda babu albashi."

Ya ɗauki burushin fenti ya shafe rassan da ruwan sukari, tsaf, shafi biyu, yadda ake yi wa babban titi. Tururuwa ce ta fara karɓar albashin, sai ƙudaje. Bayan 'yan kwanaki kuwa sai ga su sun zo: baƙaƙe masu rawaya, manya, masu ƙugi. Ba kwalba, ba zare, ba jawabi. Suka zauna daram, har suka fara gina wani abu mai ramuka a ƙarƙashin reshen da ke daidai tagar ɗakin sama.

Ranar mijin yayata bai ci abinci a zaune ba. Ya ce saura abu guda, a ja musu iyaka kamar yadda aka yi a taswirar Malama. Ya kawo ragowar farin fenti daga wurin aiki. Layin ya tashi daga bakin tankin ruwa, ya zagaye bishiyar, ya bi ta kan dokin ƙofar Malama, ya fita ƙofar gida, ya yi kwana a titi ƙarƙashin rassan, ya ratsa bencin Mai Aski ta tsakiya, ya dawo. In don kyau ne, layin ya yi kyau, wannan ba a ƙwace masa.

"Ku saurara," ya ce wa waɗanda suka taru. "Duk wadda ke cikin layin nan bogi ce. Ta wajen layi ita ce mai harbi. Ba sai kun wahala da duba ƙugu ba, ku dubi ƙasa kawai."

Mai Aski ya dubi bencinsa. "To ni da rabina ke ciki, rabi a waje?"

"Ka zauna ta ɓangaren ilimi."

Kafin azahar masu babur suka ga farin layi a gefen titi, suka ɗauka wurin ajiye babura aka yi musu, suka jeru a ciki. Wata mota ma ta zo ta tsaya tana jira a ba ta hannu. Mai Layi ya ce wannan ya nuna layin yana aiki.

Abin da ya rage na sirrin kuwa shi da kansa ya ƙarasa shi. Ranar da 'yan makaranta suka ga rina a bishiya, da gaske sun ja da baya, babu wanda ya ɗaga dutse. Ina kallo daga shago har na fara cewa a raina ashe mahaukacin shirin nan zai yi. Sai ɗaya daga cikinsu ya ce ai ko shi Mai Layin ma tsoronsu yake ji, an ce ya taɓa ɓuya a bayan tanki. Mai Layi yana zaune a ƙofa. Na ga wuyansa ya kumbura.

"Mijin Yaya," na ce, "ka tuna sirri."

Ya miƙe. Ya tara su a bakin layi, ya yi musu darasi cikakke, da ƙugu da hoda da taswira, har da tambayoyi a ƙarshe. Washegari taron ya ninka, domin kowa ya zo da abokinsa ganin rinar da ba ta harbi.

Malama ta same shi a gindin bishiyar da yamma. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta koma bakin ƙofarta kafin ta yi magana.

"Mai Layi, waɗannan suna da ƙugu."

"Ramewa suka yi. Aikin gadi ba wasa ba ne."

"Sun gina gida. Na gaya maka waccan ba ta gini."

"A kango ba ta gini, tunda ba a ba ta fili ba. Nan an yanka mata fuloti."

"Rina ce, wallahi rina ce ta gaske. Sukarinka ya kira ta."

Ya yi murmushin tausayi, ya nuna ƙasa da yatsa. "Malama, a ina suke? Ciki ko waje?"

Malama ta shiga ɗaki ta rufe taga. Yaya ta ce, "Baban yara, don Allah ka bar abin nan haka. Bishiyar nan ita kaɗai ta rage mini ta Inna." Ya ce ai saboda Inna yake yi, kuma ranar da Baba Mai Gida zai zo za ta gode masa a gaban jama'a.

Baba Mai Gida ya zo ƙarshen wata kamar yadda ya faɗa, daidai lokacin tashin makaranta, da mai gatari a bayansa. Ya tarar da yara cike da titi, babura a jere, farin layi ya ratsa gidansa. Ya dogara sandarsa a kan layin.

"Wannan kuma fa?"

"Tsaro ne na zamani, Baba," in ji Mai Layi. Ya sa rigar aikinsa mai ƙyalli, ya jingina dogon tsani a reshe. "Ka ga waɗancan? Masu gadi ne. Yaro ya gan su ba ya kusantowa."

Baba ya dubi yaran da suka cika ƙofa har wasu sun hau katanga. "Waɗannan ba yara ba ne?"

"'Yan kallo ne, Baba. Yanzu zan nuna maka da hannuna. Ko kai ka rungumi gidan nan babu abin da zai same ka."

Mai gatari ya ɗaga kai ya ce, "Malam, wannan ai rina ce."

"Kowa da sana'arsa," in ji Mai Layi, ya kama tsani.

Yaya ta riƙe hannuna gam. Ya hau a nutse, yana bayani a kowane mataki. Da ya kai sama ya juyo ya ce wa jama'a su lura da kyau, sannan ya miƙa hannu ya shafa gidan rinar kamar mai shafa kan jariri.

Na ga ta farko ta sauka a leɓensa na sama. Idonsa ya kawo ruwa. Ya yi ta maza ya ce, "Wannan daga waje ta shigo. Ta keta layi."

Ta biyu ta sauka a fatar ido.

"Wannan ma baƙuwa ce."

Daga nan baƙin suka fito gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin titi ya watse da sauri irin na ranar ba. Yaran kan katanga suka zubo kamar gwaibar da aka kaɗa. Babur ɗaya ya faɗi ya kwantar da sauran. Mai gatari ya yar da gatarin ya ranta a na kare. Shi kuwa mijin yayata, daga saman tsani, yana kaɗe fuska da hannu ɗaya, yana kwarma ihu:

"Kada ku fita layi! Na waje ne masu harbi! Ku dawo ciki!"

Mai Aski, wanda ya riga ya tsira har tsallaken titi, ya ji haka ya tsaya. Ya yi ɗan tunani, ya dawo da gudu ya shiga layi. Sai da aka harbe shi a ƙeya sannan ya gama tunanin ya sake fita.

Baba Mai Gida ba ya iya gudu. Ni da Yaya muka kama shi muka ja shi shagona, muka lulluɓe shi da yadin labulen wata mata, amma kafin nan ɗaya ta riga ta gaishe shi a kunne. Muna turo ƙofa muka ji Mai Layi ya diro daga tsani. Tsanin ya miƙe tsaye shi kaɗai, ya yi ɗan jinkiri kamar mai neman shawara, sannan ya tafi a hankali ya kwanta a kan sabon gilashin ɗakin sama.

Ƙarar fashewar ta shigo har cikin shago. Yaya ta saki hannuna ta zauna a kan buhun ƙyallaye. Na san abin da ke ranta, domin shi ne a nawa: an gama da bishiyar Inna, kuma ba ɗan makaranta ne ya gama da ita ba.

Da ƙura ta lafa muka fito. Mai Layi yana zaune a bayan tankin ruwa, wurinsa na nazari. Ido ɗaya ya rufe, leɓen ya yi gaba ya bar sauran fuskar a baya. Baba ya tsaya nesa da bishiyar, hannunsa a kunne, ya dubi tagar, ya dubi Yaya.

"'Yata, kin ji abin da na ce."

"Na ji, Baba."

"A sare ta."

Aka nemo mai gatari daga ƙarshen titi. Ya ce shi itace yake sara, ba ya faɗa da masu fukafuki. A cire rinar tukuna, sannan a aiko masa da gatarinsa, don shi ba zai shiga ɗaukowa ba. Baba ya tambayi wanda zai cire ta. Masu babur suka shiga duba tayoyinsu. Mai Aski ya ce shi yanzu ko layin asibiti ba ya shiga.

Sai Yaya ta share fuskarta da gefen mayafi, ta rusuna, ta ce cikin ladabi, "Baba, ai ga Baban yara. Shi ya san su. Shi zai cire."

Daga bayan tanki wata murya da ba ta fita sosai ta ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Na ma riga na tsara. Kananzir kaɗan, da tsumma, da dogon sanda. Gilashin ma ni zan gyara maka, ina da wata dabara."

Baba ya dubi rassan da suka kusa taɓa rufin gidansa. Ya dubi fuskar da ke magana. Ya daɗe yana kallonta.

"Kada ya taɓa," ya ce. "Kada ya taɓa rinar, kada ya taɓa tagar, kada ya taɓa komai a gidan nan. A bar ta tukuna."

Tukunan nan ne muke ciki har yau. Tagar an buga mata katako. Yara kuwa ko hularsu ce ta faɗa cikin farin layin, sai dai su nemi sanda su jawo ta. Yaya takan fito da sassafe, lokacin da rinar ba ta gama warware jiki ba, ta tsinki na ƙasa-ƙasa a hankali. Ranar da ta yanka ta farko ta miƙo mini rabi, jajir a ciki kamar ta gidanmu, muka ci a tsaye, ni dai sai da na yi hawaye. Ta kai wa mijinta nasa, ya karɓa ya riƙe, tunda bakin bai buɗu ba tukuna. Duk da haka ya samu ya ce, "Ban gaya muku layi yana aiki ba?"

Yana cikin faɗa sai ga wata baƙa mai rawaya ta taso daga kango ta sauka a gwiwarsa. Malama ta leƙo ta ce wannan kam bogi ce. Bai motsa ba, bai yi numfashi ba. Ta gefen baki ya ce, "Ƙanwata, zo ki duba mini ƙugun."

Baba Mai Gida yakan zo duk ƙarshen wata. Yakan tsaya a wajen layi, Yaya ta kai masa kwanon gwaiba, ya ci ɗaya, ya ɗaga kai ya ce, "'Yata, maganar bishiyar nan fa ba ta mutu ba."

Ita kuma ta rusuna ta ce, "Haka ne, Baba. Bari in kira Baban yara, ya ce yana da sabon shiri."

Sai Baba ya ɗauki ta biyu ya ce a bar ta tukuna.